Kafintan da Ya Hana Zarto Shiga Layinmu

Ranar Litinin, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, babbar 'yarka ta tsaya a ƙofar shagona ta ce, "Baba Tela, Baba ya cika." Na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Mai rai ya karɓi abinsa. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Malam Kafinta, ban yi niyyar rubutu ba. Amma ba a ma naɗe tabarmin gaisuwa ba na ji wani yana cewa, "To, mai taurin kan ya tafi, yanzu sai a yi aiki." Shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara talatin ka yi kana yanka katako. Da ido ya yi rauni ka rataye zarto, sai ka ce hannun da ya sare shi ya kamata ya dasa. Daminar farko ka dasa itatuwa sittin a bakin layinmu, awaki suka cinye arba'in. Mun yi maka dariya, har da ni. Ka kwashe guntayen katakon da suka rage a shago, ka yi wa kowace shuka keji, ka sake dasawa. Da rani kana tura jarkoki a baro, gwiwa tana ciwo, kana tsayawa ƙofa-ƙofa kana cewa, "Wannan ta gaban gidanku ce. In ta mutu, ku za a tambaya." Kunya ta sa muka fara ba su ruwa, daga baya muka saba.

Kai ka ƙirƙiro gasar babbar bishiya. Kowace shekara kana zagaya unguwa da tef ɗin awo, ka auna kaurin gindi daidai ƙirjinka, ka rubuta a littafi. Kyautar kuwa benci ne da kake yi da hannunka, a ajiye ƙarƙashin wadda ta ci. Mutanen da ba su taɓa ɗaga kai sun dubi itacen ƙofarsu ba suka koma yi masa kirari. Shekara biyar tsohon maɗacin ƙofarka yana kayar da tsamiyata. A ta shida ka auna, ka sake aunawa, ka ce, "Tela, tsamiyarka ta fi da yatsa biyu. Ita tana ƙiba, kai kana ramewa." Da ka yi shiru, babu wanda zai sani. Kai da kanka ka ɗauko bencin ka kawo.

Bana ne wani kamfani ya zo da maganar gina rumfunan haya a bakin titi. Muka wayi gari an shafa jan fenti a jikin itatuwa goma sha ɗaya, har da maɗacin. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da kai. Ranar da suka iso da injin yanka, ka sa 'ya'yanka mata suka fito da kai a kujera, suka jingina ka da gindin maɗacin.

Shugaban ma'aikatan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri ka tashi. Takarda gare mu."

Ka ce, "Ɗana, na riga ka sanin zarto. Haƙoran naka ma sun dakushe. Kawo in wasa maka, sai ka fara da ni."

Nan take layi ya cika. Mai wanki ta bar kayanta a ruwa, mai faci ya bar taya a buɗe, kowa ya kama itace ya tsaya. Suka kashe inji suka tafi. Washegari muka kai ƙara ofishin tsara gari, da littafinka na awon shekara tara a hannu. Aka sa ranar zama, uku ga watan gobe. Allah bai nufa za ka gani ba.

To, mai cewa yanzu sai a yi aiki, ya saurara. Mutum ɗaya muka binne, ba unguwa ba. Ranar zaman za mu rufe shaguna mu je gaba ɗayanmu. In sun dawo da inji kafin nan, za su tarar da mu. Gasar bana ma za a yi ta, kuma itatuwan da aka shafa wa fenti su za a fara aunawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka. Duk wanda ya huta a inuwar da ka dasa, Allah Ya kai maka ladan. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka, da jikokinka, da maiɗakinka, Allah Ya ba su haƙuri da juriya. Ita ce ta aiko in shaida wa maƙwabta cewa ta gode da zuwan kowa, amma duk mai zuwa gaisuwa gobe, ya fara ba shukar ƙofarsa ruwa kafin ya shigo.