Baba da Sojan Ƙofar Ƙishla

Shekara arba'in da uku ke nan da muka binne mahaifina, Alhaji Garba mai tsire, a nan Jidda. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, 'yan'uwana sukan ce in rubuta wani abu a kan haƙurinsa. Bana na yarda zan rubuta, amma ba haƙurin zan yaba ba, domin ni na san abin da ya zaunar da shi.

Baba ya baro ƙauyensu kusa da Ringim a ƙafa, shi da ƙaninsa Sale, da niyyar aikin hajji. Su biyu kaɗai uwarsu ta haifa. Da suka iso gaɓar teku ta wajen Sudan, dattawan ayari suka yi abin da suka saba: 'yan ɗaki ɗaya ba sa shiga kwale-kwale ɗaya, don in teku ta ci wani, a sami mai kai labari gida. Baba ya shiga na farko, Sale ya tsaya jiran na biyu. Suka yi alkawarin haɗuwa a ƙishla, tsohon barikin sojan Turkawa da ke unguwar Bagdadiyya, domin an ce musu ba wanda zai shiga Jidda ya kasa gane ta. Baba ya iso. Sale bai iso ba.

Ya yi hajjinsa, ayari ya juya, shi ya ƙi bi. Da wane ido zai kalli uwarsa ya ce ya dawo ba Sale? Ya kafa tukubar tsire a unguwar Mahjar, ya auri Inna, aka haife mu. Ba fasfo, ba iƙama, wato takardar izinin zama. In ya fita ƙasar ba hanyar dawowa, in ya zauna kuma kullum gabansa na faɗuwa.

Kowace Juma'a bayan la'asar, maƙwabcinmu kan kwashe mu a akori-kurarsa zuwa bakin ruwan da ke kusa da ƙishla. Mu a wajenmu ranar sallah ce. Iyalai su shimfiɗa tabarmi, mata su dafa shayi, maza su jefa ƙugiya, mu kuma mu shiga ruwa har gwiwa muna tsintar katantanwa. Baba kuwa yakan zauna can gefe, inda zai ga duk mai wucewa ta gaban barikin, amma sojan ƙofa ba zai gan shi sosai ba. Wurin da ya fi tsoro a duniya shi ne wurin da ya yi alkawarin jira. Inna kan tsokane shi ta ce, "Alhaji, shayinka ya huce, kai ba ka sha ba, ba ka bar ƙudaje sun sha ba." Ya yi murmushi, idonsa na kan titi.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu wani Bahaushen Sudan ya zo sayen tsire. Ya ƙura wa zanen fuskar Baba ido, ya ce akwai wani tela a garin Gadarif, can Sudan, mai zane irin wannan sak, sunansa Sale, mutumin Ringim. Ashe kwale-kwalen su Sale an koro shi ne tun bai yi nisa ba, aka kuma ce masa na farkon ya nutse. Shi ma kunya ta hana shi komawa gida ba wansa. Tsohuwa ta rasu tana jira, dukkan 'ya'yanta biyu suna raye, kowa ya ɓuya a gefensa na tekun.

Baba bai yi kuka a gabanmu ba. Ya daina cin abinci dai. Sale ba shi da takardun zuwa, shi ba shi da na tafiya. A lokacin ana raɗe-raɗin cewa wanda aka kama ba iƙama, a jirgin ruwa ake zuba shi a tsallakar da shi Sudan. Ba mu san ya riƙe wannan zancen a ransa ba.

Juma'ar da ta biyo, ya sa farar rigarsa ta sallah. Muna isa bakin ruwa ya ce wa Inna, "Ki riƙe yaran nan da kyau." Ya miƙe ya nufi ƙofar ƙishla kai tsaye. Inna ta gane, ta dafe ƙirji. Ni na bi bayansa da gudu. Na ji da kunnena yana gaya wa sojan, cikin Larabcinsa na kasuwa, cewa shi ba shi da iƙama, a kama shi.

Sojan ya dube shi, ya kwashe da dariya. Ya ce, "Ya Hajji, ba kai ne tsohon nan na kowace Juma'a ba? Mu nan ba ruwanmu da takardun mutane. Yalla, koma wajen iyalinka." Baba ya sake maimaitawa. Sojan ya ga ni a tsaye a bayan Baba, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Wannan 'yarka ce? Shi ke nan, ban ji komai ba. Tafi."

Muka dawo kan tabarma. Can Baba ya ce, "Ko kamun ma sun ƙi." Ya san inda masu kamun na gaskiya suke, amma bai je ba, kuma bai sake gwadawa ba. Sai aike da baki tsakaninsa da Sale ta hannun alhazai, har Sale ya riga shi rasuwa.

Yanzu an gyara bakin tekun Jidda da fitilu da kujeru da hanyar masu keke. Jikokina kan zauna a can suna hira da 'yan'uwanmu na Sudan ta waya, fuska da fuska. Ina tambayar kaina me Baba zai ce. Ba na jin zai yi murna. Ina ganin haushi zai ji, a ce abin da ya cinye masa rayuwa yau yara na yin sa suna taunar cingam.

Na daɗe ina fushi da shi, ban ɓoye ba. Mutum ya sa rigar sallah zai tafi ya bar mu a kan tabarma! Sai da na tsufa na gane cewa kowane gefe ya zaɓa, akwai wanda zai ci amanarsa, kuma bayan ranar nan mu ya zaɓa, yana ji yana gani. Shi ya aurar da ni, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Abin da ya rage mana daga gare shi ke nan, kuma wani ne ya ba mu shi. Ban san sunan sojan nan ba, amma har yau ina sa shi a addu'a. Baba kuwa, har ya koma ga Allah, ban taɓa jin ya ce ya yafe masa ba.