Wayar da Roscoe Tillman Ya Zura Ta Taga

Da sassafe, kafin motar shara ta bi layin, Roscoe Tillman kan ɗaga ƙofar garejinsa da ke arewacin garin Flint, a Amurka. Yakan kunna hitar ɗumama ɗaki, ya dafa kofi, ya haɗiye ƙwayar da likita ya rubuta masa saboda rawar hannu, sannan ya zauna ya jira. Idan yatsun suka natsu, sai ya tashi. Daga nan zuwa hantsi, hannunsa nasa ne. Bayan haka sai shara da amsa gaisuwa.

Shekararsa saba'in da huɗu. Aikinsa gina injin tsofaffin motocin nan masu ƙarfi da iyayenmu suka haɗa a masana'antun garin nan kafin a rufe su. Ƙarshen wannan wata zai sauke ƙofar, ba kuma zai sake ɗaga ta ba. Motocin da ya yi wa inji sun ci lambobin yabo da yawa, amma babu sunansa a jikin ko ɗaya.

Yana da doka guda da duk mai mota ya sani. Injin da ya gina, ba shi ke fara tayar da shi ba. Mai motar ne zai murɗa makulli da hannunsa. An taɓa yin injin da ya shafe damina guda a lulluɓe a garejin, yana jiran mai shi ya dawo daga aikin soja.

A kakar bara, Darlene Wojcik ta zo masa da tsohuwar motar mijinta a bayan tirela. Mijin, Stan, tare suka yi aiki da Roscoe a masana'anta tun suna samari. Da Stan ya yi ritaya, sai ya kwance injin motar da niyyar ƙara masa girma, ya sayo manyan fistin da sabon karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa. Ciwon huhu ya kwantar da shi kafin ya ɗaura ko noti ɗaya. Asibiti sun sallame shi zuwa gida da tukunyar iskar numfashi.

"Ya ce yana so ya ji ta," in ji Darlene. "Ba tuƙi ba. Ji kawai."

Roscoe ya gyara na'urar ƙara ji da ke kunnensa, yana kallon bakinta. "Me likitoci suka ce?"

"Sun ce kada in wahalar da kaina neman masa kyautar Kirsimeti."

Ƙara wa inji girma ba aikin gaggawa ba ne. Ana rarake ramukan silinda don su ɗauki manyan fistin, a sa karanshaf mai faɗin juyi. Amma sabon karanshaf ɗin yakan bugi cikin bulok, wato gangar jikin injin, don haka sai an kankare ƙarfen da hannu, kaɗan-kaɗan. Bayan wannan ƙarfe kuwa akwai hanyar ruwa. Idan hannu ya goce aka huda ta, bulok ya tashi aiki. Wannan kankarar Roscoe yake yi kowace safiya, iya lokacin da yatsunsa suka ba shi.

Darlene ta gaji da jira. Wata rana ta kawo masa miyar kabeji a tukunya, ta dire a kan teburin aiki.

"Roscoe, don Allah ka ɗauko wani bulok da aka riga aka gyara. Wa zai sani?"

"Stan zai sani."

"Mutumin da ko cokali ba ya iya ɗagawa?"

"Wannan bulok ɗin ne ya kai ki coci ranar aurenki, 'yar'uwa. Shi yake so ya ji."

Ranar Lahadi, bayan coci, ya biya ya duba abokinsa. Stan ya janye robar iska daga hancinsa.

"Kurma, ka gama, ko sai na mutu?"

"Ka dai riƙe ranka, tsohon banza. Ka bar ta tana tsatsa shekara da shekaru, yanzu ni kake wa tsiya?"

"Ka huda min bulok ka gani. Zan dawo in hana ka barci."

Stan ya yi dariya har ta koma tari. Roscoe ya tsaya har tarin ya lafa, sannan ya fita.

Yolanda Baines, mai gidan wanki da ke kallon garejin, ta ce akwai safiyar da ta ji ƙarar garanda, abin kankarar ƙarfen, ta ɗauke da wuri. Da ta leƙa, ta tarar da shi zaune a kan bokiti, ya cusa hannayensa a hammata. Maganin bai kama ba ranar. Ɗan aiki kaɗan ya rage masa, amma bai sake taɓa ƙarfen ba sai washegari. A makon ne Stan ya daina iya saukowa daga gado.

Farkon Disamba aka gama. Aka ja motar zuwa ƙofar gidan Stan, aka ajiye ta ƙarƙashin tagar ɗakinsa. Dusar ƙanƙara ta rufe layin, amma maƙwabta suka fito.

"Ka tayar kawai," in ji Darlene. "Zai ji ta taga."

Roscoe ya girgiza kai. Ya ciro doguwar waya daga akwatinsa, ya haɗa bakinta ɗaya da sitata mai tayar da injin, a ɗaya bakin ya ɗaura maɓalli, ya ce a buɗe taga. Ma'aikaciyar jinya ta ce sanyin zai yi wa mara lafiya yawa. Stan ya ce sanyi ya makara. Darlene ta jibga masa barguna, ta karɓi wayar ta taga, ta sa masa maɓallin a hannu.

Sabon inji, da zarar ya kama, ba a barinsa a silo yana juyi a hankali, ba a kuma kashe shi. Sai an riƙe shi da wuta sama kusan rabin sa'a, don mai ya wanke sabbin ƙarafa su zauna da juna. Idan ya mutu a tsakani, ana iya asarar aikin duka. Roscoe ya cire na'urar kunnensa ya sa a aljihu, ya riƙe totur daga jikin kafireto, ya ɗaga wa Darlene kai.

Dannawar farko, injin ya yi tari ya tsaya. Yatsan Stan ne ya zame. Darlene ta miƙa hannu za ta taya shi.

"Bar ni," in ji shi.

Ya sake dannawa da manyan yatsunsa biyu. Injin ya juya, ya juya, ya kama.

Waɗanda ke wurin sun ce tagogin layin sun yi rawa, ƙanƙara ta zubo daga rufin gidan. Roscoe bai ɗago kai ba. Hannu ɗaya a totur, ɗaya tafin a kan murfin injin, ido a kan ma'aunin mai. Hantsi ya wuce, hannun ya soma rawa, sai ya danne gwiwar hannun da ƙirjinsa ya ci gaba. A ɗaki, Darlene ta ce Stan ya rufe ido, hannunsa na dama yana motsi a kan bargo kamar mai canja giya. Bai buɗe idon ba sai da aka kashe injin.

Stan ya rasu a mako na gaba. Darlene ce ta tuƙa motar a bayan gawarsa.

Bayan an watse daga maƙabarta, Roscoe ya matso kusa da ita.

"'Yar'uwa, yaya ƙararta take?"

Ta dube shi. "Ba ka ji ba?"

"Na daina jin inji tun bara. Da na'urar, hayaniya ce kawai. Ba ita, shiru. Tafin hannuna dai ya ce lafiya lau."

Darlene ta juyo sosai don ya ga bakinta.

"Kamar ranar da ya fara zuwa ɗaukata, babana ya fito da sanda. Har ta fi."

"To," in ji Roscoe. "Ya yi."

Kai ne, Roscoe, ka ajiye garanda ranar da hannu ya ƙi, alhali ka san lokaci ba ya jiran abokinka. Kai ne ka gina abin da ba za ka ji ba, ka miƙa maɓallin ga mai shi. Mun gode.

Masu sana'ar hannu a garin nan, ku dubi yadda ya yi, ku bar wa mai abu rabonsa a cikin aikinku. Ku kuma da ya yi wa inji, garejin yana buɗe har ƙarshen wata. Kada ku wuce kuna taka totur don gaishe shi, ba zai ji ba. Ku tsaya a bakin ƙofa, ku bar injin a kunne, ya fito ya ɗora hannu.