Notin da Baba ya riƙa juyawa

Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na yi fushi ne, ban yi ba. Hannun da nake rubutu da shi ne ya tafi hutu ba tare da ya nemi izini ba.

Yawancinku kun san ni da kekena mai naɗewa. Kullum da safe ina hawansa daga gida zuwa tashar jirgi ta Sabon Tasha, in naɗe shi, in shiga tarago da shi kamar jaka. In mun isa gari in buɗe, in ƙarasa makarantar da nake koyarwa. Abokan tafiya har sun sa mini suna Malam Tabarma.

A tsakiyar keken akwai wani ɗan mariƙin ƙarfe. Sai ka danne shi da ƙarfi ya ce ƙas, sannan keken ya tsaya. Wata ranar Talata na sauka daga jirgi, na buɗe keke, na kai hannun dama kan mariƙin. Ina kallon hannun, ina ba shi umarni, ya ƙi.

Na buɗe baki in ce a taimake ni, maganar ta fito a murɗe. Wani ya yi dariya ya ce, "Malam, burkutu tun da safe?"

Wata mata da muke shiga tarago ɗaya, ban taɓa sanin ma'aikaciyar jinya ba ce, ta dubi fuskata ta ce, "Wannan ba giya ba ne. Ku duba bakinsa ya karkace. A samo mota yanzu-yanzu!"

Shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini na ajiye shekaru ban sani ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti. Awon jini safe da yamma, ƙarin ruwa, hoton ƙwaƙwalwa wanda shi kaɗai ya tashi da albashin wata. Matata, Maman Godiya, ita ke ba ni kunu da cokali. Magana da ƙafa suka fara dawowa, hannu kuwa yana kwance a cinyata kamar na aro. Na ji tsoro ƙwarai. Malamin da ba ya riƙe alli, me ya rage masa?

Likita ta ce, "Ba zan yi maka alkawari ba. Amma ƙwaƙwalwa takan nemi sabuwar hanya in an dame ta. Ka dame ta."

Aka kai ni gida Kafanchan in yi jinya, ina zuwa gashin ƙashi asibiti sau biyu a mako. Mahaifina tsohon fita ne, wato makanikin reluwe, ya haura tamanin, kuma bai iya lallashi ba. Washegarin zuwanmu ya ajiye keken a gabana a gindin mangwaro.

"Buɗe shi, ka kulle. Da wancan hannu."

"Baba, hannun ya mutu."

"Ka ga an yi jana'izarsa? Kulle."

Kwana tara ina dannawa, gumi na zuba, mariƙin ko motsi. Rana ta goma ya ce ƙas. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo.

Washegari ya ƙi.

Haka muka yi ta yi. In sha fama kwana uku ko huɗu in kulle, gari ya waye abin ya koma kamar ban taɓa yi ba. A wurin gashi suna cewa damƙata na ƙaruwa, ni kuwa na ɗauka hankalina suke kwantarwa. Ai ga shaida nan a gida kullum. 'Yan zumuntar mata na majami'armu sukan zo su yi waƙa da addu'a, in ce amin, amma a raina na fara lissafin yadda zan ajiye aiki.

Wata Asabar, bayan kusan wata huɗu, na ture keken ya faɗi. Na ce, "Baba, a bar wahalar nan. Jiya i yau, ba abin da ya canja."

Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar sifana, ya nuna mini noti a bayan mariƙin.

"Ɗaure shi."

Na sa sifana na juya. Ko kaɗan bai motsa ba.

"Ya kai ƙarshe," in ji Baba. "Ranar da ka zo na kwance shi har yana rawa. Duk ranar da ka kulle, da safe kafin ka fito sai na ƙara ɗaure shi da kwatan juyi. Wanda ka kulle jiya ya fi yadda kamfani ya ɗaure shi."

Na dubi Maman Godiya. Ta sa bakin zani tana share ido, tana dariya. Ashe da ita aka ƙulla.

Na ɗaga hannun ina juya shi kamar yau na fara ganinsa. Wata huɗu yana warkewa a jikina, ni mai shi ban sani ba. Aikin Ubangiji ya fi ƙarfin hankalina.

Makon jiya na koma aji. Rubutuna a allo ya ɗan karkace, amma ɗalibai suna karantawa.

Jama'a, ku auna jininku ko ba abin da ke muku ciwo. In an ba ku magani kada ku daina don kun ji sauƙi. In kun ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta murɗe, kada ku tsaya tambayar me ya sha, ku kai shi asibiti a take. Mai jinya kuma kada ya yanke wa kansa hukunci da abin da ya gani yau kaɗai.

Na gode wa Allah. Na gode wa baiwar Allahn nan ta tasha, da likitoci, da matata, da duk wanda ya durƙusa domina.

Na gaya wa Baba zan gode masa a gaban duniya. Ya ce, "Ni me na yi? Noti kawai na juya. Hannun naka ne."