Bindigar da Baffa Ya Hana a Ɗaure

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Ɗanlami, kuma har yau in zancen ya taso a gidanmu na Roni sai a ce "tsautsayi ne". Ni kam kalmar nan ta ishe ni.

Bindigar toka ce ta kakanmu maharbi, ta daɗe rataye a zaure ba mai taɓa ta. Da auren ɗan Baffa Isa ya zo, Baffa ya ce lallai a buga ta gari ya ji. Yaya ya san yadda ake gwada tsohuwar bindiga: a zura sanda a ji ko akwai tsohon ɗuri ko gidan zanzaro a ciki, maƙeri ya duba tsatsa, sannan a ɗaure ta a jikin bishiya, a sa wa kunamar doguwar igiya, a ja daga bayan dutse. A durƙushe ya faɗa wa Baffa haka.

"Bindigar ubana za ka ɗaure kamar akuya?" in ji Baffa. "In tsoro kake ji ka faɗa."

A gaban jama'a fa. Yaya ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa." Ya ɗura albarushi, ya ɗora ta a kafaɗa. Bututun ya tsage a fuskarsa. Kafin a kai shi Kazaure rai ya yi halinsa.

Na yarda da ƙaddara, kada wani ya yi min wa'azi. Amma igiya aka hana shi, igiyar guga da ke yashe a tsakar gida. Wannan ce ke cin raina.

Ko me Yaya zai ce da zai leƙo yau? Wani maƙeri ya liƙe tsagar bindigar, an shafa mai, samari na ɗaukar hoto da ita a waya. Nura, ɗan da ya bari yana tatata, zai yi aure bayan girbi, wai Baffa ya aiko cewa Nura ne zai buga ta, don a fitar wa gidan tsoro. Nura kuwa ubansa ne sak: hannu mai kyau, murya ƙasa-ƙasa, ba ya iya ce wa babba a'a. Gadon da Yaya ya bar mana ke nan, kuma shi ke hana ni sukuni.

Jiya na je na gaida Baffa yadda ya kamata. Na ce, "Baffa, ranar bikin kai za ka buga mana da hannunka, ai ta mahaifinka ce."

Sai ya ce kafaɗarsa ba ta da ƙwari yanzu.