Waken Iri Cikin Toka

Jiya a kasuwar Tudun Wada na ga wake gauraye da toka, sai marigayiya Inna, uwar mijina, ta faɗo mini a rai. Haka take adana iri don kada ƙwari su ci, ruwan farko na sauka ta raba wa mata manoma.

Ina amarya na tarar da tulun waken. Na ce wace irin ƙazanta ce wannan, na wanke shi tas, na dafa da shinkafa. Har yau ina jin ƙamshinsa da man gyaɗa.

Inna ta ci loma biyu ta tsame hannu. "'Yar nan, gonakin mutane kika dafa mana."

Na fashe da kuka. Ba ta yi faɗa ba. Washegari ta ja ni har Dutsen Abba, gida gida. Duk matar da ta taɓa ba iri sai ta ɗebo nata ta zuba a ƙwaryar Inna. Kafin la'asar ƙwarya ta cika.

A hanya ta ce, "Kin ga dalilin rabawa? Rumbuna yana ɗakunan matan nan."

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta tarar da abin da ta shuka ya tsiro.