Injiniya da Tattabarun Inna

A unguwar kowa Injiniya yake ce masa, amma ba wanda zai iya gaya maka abin da yake ƙerawa. Mai shagon bakin layi ya ɗauka gyaran waya yake yi, shi ya sa duk wayar da ta faɗa ruwa gidansa ake aiko ta. Kawunsa kuwa har gobe addu'ar samun aiki yake yi masa, don a wurinsa mutumin da ke wuni a ɗaki da gajeren wando ba ma'aikaci ba ne. Gaskiyar magana, manhajar kwamfuta yake rubuta wa wani kamfani da ke wata ƙasa mai nisa wadda bai taɓa takawa ba. Ya yi bayani har bakinsa ya gaji. Yanzu in an tambaye shi sai ya ce aikin kwamfuta ne, ya wuce yana ƙunƙuni.

Kamfanin yana can gabas, rana tana fito musu 'yan sa'o'i kafin ta fito a nan. Tun ranar da ya makara shiga wani mitin oga ya wanke shi tas a gaban kowa, sai ya mayar da duk agogonsa kan lokacinsu: na kwamfuta, na waya, har da na hannu. Daga nan gida ya shiga uku. Matarsa Malama, wadda ke koyarwa a firamare, za ta kawo masa karin kumallo ya ce shi abincin rana yake jira. Da hantsi zai leƙo ya yi wa mutane sannu da yini. In yara suka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya kalli hannunsa ya hau lissafi da yatsu, kafin ya gama sun tambayi uwarsu.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babban ciwon Injiniya shi ne ba ya iya ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi. Fitilar falo ya mayar da ita mai kunnuwa da tafi, saboda haka duk ranar da 'yarsa ke wasa da ƙawayenta falon ya dinga walƙiya ke nan. Butar shayi sai an ba ta umarni ta waya, ranar da babu sabis kuma kowa ya haƙura da shayi. Ƙararrawar ƙofa ya cire mata ƙara, ya sa tana aika saƙo zuwa wayarsa, shi kuwa kullum kunnuwansa a toshe da abin sauraro, baƙo ya yi ta tsayuwa har ya gaji ya buga da hannu kamar yadda aka saba. Malama ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi gaba da shi, duk a banza. Abin da ke ƙona mata rai shi ne da zuciya ɗaya yake yi, shi a dole sauƙi yake kawo musu.

Abu ɗaya ne a gidan hannunsa bai kai gare shi ba: tattabarun Inna, mahaifiyarsa. Na marigayi babansa ne. Da ya rasu, Inna ta dawo gidan ɗanta da akwatin kayanta da ɗakin tattabarun, na katako, wanda tsohon ya haɗa da hannunsa, aka ajiye shi a bayan gida. Kullum da safe takan buɗe musu ta watsa tsaba, da magariba ta kira su, ta duba kowa ya shiga, ta ja sakata. A cikinsu akwai wani tsohon namiji da take kira Baƙin Wuya, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda marigayin ya raina da kansa. A lokacin nan matar Baƙin Wuya tana kwance kan 'yan shila, Inna kuwa ta ƙwallafa rai a kansu, don jininsa ne.

Injiniya ya daɗe yana kallon sakatar nan yana jin ƙaiƙayi a hannu. Gwiwar Inna tana ciwo, kullum sai ta durƙusa, ga shi kuma yana da ƙaramin inji a durowa da zai iya ja da rufe ƙofa. Duk lokacin da ya kawo maganar sai ta ce gwiwarta ce, ba tasa ba.

Sai ƙanwarsa ta haihu a wani gari. Makarantu suna hutu, Malama da yara za su raka Inna su yi 'yan kwanaki, shi kuma ba zai iya zuwa ba, akwai aikin da kamfani ya matsa a miƙa. A bakin mota Inna ta riƙe hannunsa.

"Da hannunka za ka rufe su," in ji ta. "Kada ka sa musu abin nan naka. Akwai muzuru a gidan maƙwabta."

Ya ce to, Inna. Malama ta harare shi ta tagar mota, don ta san irin wannan to ɗin nasa.

Motar ba ta gama fita layin ba ya jawo durowa. Kada a ce bai yi aiki da hankali ba, ya yi. Ya ɗaura injin a ƙofar, ya rataya gorar tsaba mai zubar da abinci da kanta, ya rubuta 'yar manhaja da za ta rufe ƙofa in rana ta faɗi ta buɗe in ta fito. Har gwaji ya yi: ya sa silifa a bakin ƙofa a matsayin tattabara, ƙofar ta zo ta taɓa ta a hankali ta koma. Ya danna ta rufe, ya danna ta buɗe. Ya tsaya riƙe da ƙugu, baki har kunne, yana tunanin yadda Inna za ta sa masa albarka. Abin da bai duba ba shi ne ranar wane gari manhajar ke bi. Daga kwamfutarsa ta ɗauki lokaci da wuri, kwamfutarsa kuwa a garin kamfani take zaune.

Ya koma ɗaki ya toshe kunnuwa. Kwanakin nan ransa a ɓace yake. Abokin aikinsa ya taɓa wani ɓangare na manhajar kamfani komai ya rushe, oga yana aiko saƙo kamar ruwan sama, mai shago kuma ya aiko da wata wayar da ta jiƙe. Labule a sake, bai san rana ta yi ko ba ta yi ba. Abin da ke sanyaya masa rai kawai shi ne saƙon ƙofar tattabaru, mai zuwa da 'yar alama koriya: an rufe lafiya. Ya kalli agogonsa, ya ga lokacin magariba ne daidai, ya gyaɗa kai. Da Inna ta kira ta tambaya, ya ce mata komai ƙalau, kuma bai ji yana ƙarya ba. Tsakanin kujerarsa da bayan gida bai fi tafiyar zuwa kicin ba, amma bai leƙa ba. Me zai je gani, bayan waya ta gaya masa?

Alhali ƙofar nan rana tana tsaka da zafi take rufewa, sa'ad da yawancin tattabarun ke waje. Sannan ta buɗe tun gari bai yi niyyar wayewa ba, ta tsaya wangame, ba kowa a tsakar gida sai muzuru.

Ranar da suka dawo, Inna ko mayafi ba ta cire ba ta nufi bayan gida, shi yana biye da ita yana shirya bayanin da zai yi. Ƙofar tana rufe ruf, ga rana a sama. Ƙasa duk gashin tsuntsu. Ya ciro waya ya danna, injin ya yi 'yar ƙararsa mai daɗi ya buɗe. Ciki babu uwar, babu 'yan shila, sai sheƙa a hargitse. Waɗanda suka tsira sun watse, ban da Baƙin Wuya da ke can kan rufi shi kaɗai, ya takure.

Nan take Injiniya ya gane abin da ya faru, don irin kuskuren da yake yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kai ne. Ya soma cewa agogo ne, lokacin can da na nan ne suka saɓa, gyaran layi ɗaya ne kawai a manhajar. Malama ta ce don Allah ya yi shiru. Ya so Inna ta zage shi, ta ɗaga murya, ko ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta durƙusa kan gwiwar nan mai ciwo tana tsince gashin ɗaya bayan ɗaya.

"Ka leƙa su kuwa?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Waya ta ce lafiya lau, Inna."

Ta ce to. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da yamma ya kwance injin da gorar, ya nemo tsohuwar sakata a inda ya jefar da ita ya mayar. Ya ɗebo tsaba ya tsaya yana watsawa yana kallon rufi, amma bai san yadda ake kiransu ba, duk shekarun nan bai taɓa tsayawa ya ji ba. Baƙin Wuya ya karkata kai ya dube shi, bai motsa ba. Wayarsa ta yi ta girgiza a aljihu, oga ne, ya ƙyale ta.

Inna tana zaune a kujera 'yar tsugunno, idonta a kan rufin. Can ta tambaye shi ƙarfe nawa, don ta san ko tsohon zai sauko kafin duhu. Ya kalli hannunsa ya faɗa mata.

"Namu ko nasu?" in ji Inna.

Ya ga yatsunsa sun riga sun fara lissafi, a tsakar gidansa, a gaban uwarsa. Sai ya kwance agogon ya sa a aljihu, ya zauna ƙasa kusa da ƙafarta, suka ci gaba da kallon rufi.