Filash ɗin da Yayana ya aiko mini daga Sabuwa

Edita, ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana cina a rai, kuma a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ni malamar firamare ce a Ƙanƙara, ina koyar da 'yan aji biyu. Mu mutanen Daudawa ne, aiki ne ya kawo ni, ina zaune wajen gwaggona. Allah Ya ba ni saurin ɗaukar karatu, na kuma san da haka, to wannan sanin shi ya cuce ni.

Yayana, wanda nake bi, malamin lissafi ne a wata sakandare a Sabuwa, shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta. Duk ƙarshen wata yakan sha wahalar hanya ya zo, ya wanke ƙafa, ya ci tuwon gwaggo, bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa. Na taɓa yi masa kukan cewa ɗalibaina sun kasa haɗa baƙi da wasali, sai ya ce mu gina musu shafi a yanar gizo, wanda yaro zai taɓa baƙi ya taɓa wasali, gaɓar ta fito nan take, hoto ya biyo baya, ba sai shafin ya sake buɗewa ba. Ya koya mini wani tsari da masu gina manhaja ke ɗora aikinsu a kai, yadda ake raba shafi gida-gida, kowane yanki da aikinsa. Ranar da na taɓa "k" na taɓa "a" na ga kaza ta bayyana, ihun da na yi sai da gwaggo ta fito da muciya a hannu. Yaya kuwa dariya kawai yake yi yana share ido.

Daga baya na shiga wani aji ta waya, na haɗu da matasa daga manyan birane. A can na ji cewa tsarin da Yaya ke amfani da shi ya tsufa, an daina yayinsa. Na koyi sabo, na iya shi da wuri, aka riƙa yabona. Da Yaya ya zo, tun bai gama shan ruwa ba na gaya masa duk abin da muka gina sai an rushe, don abin kunya ne a nuna wa mutane. Na faɗi haka a gaban gwaggo. Ya ce babu laifi, amma in tuna wayoyin iyayen yaranmu ƙanana ne, kuma sabis ɗinmu ba ƙarfi, shi ya sa ya zaɓi mai sauƙi. Na ce masa wannan uzurin wanda aka bari a baya ne. Har yau ina ganin yadda ya rufe kwamfutar a hankali ya sa ta a jaka.

Ba a daɗe ba hanya ta lalace saboda ɓarayin daji, aka kuma rufe layukan waya a yankinmu. Zuwa ya gagara, magana ta gagara. Wata ranar kasuwa wani direba ya kawo mini ambulan daga wajensa, ciki akwai filash, ɗan abin nan na adana aikin kwamfuta, da 'yar takarda, ya rubuta cewa in duba idan na samu sarari. Na sa a kwamfuta, na ga sunan tsohon aikinmu, raina ya ce naci ne kawai irin na manya. Ina neman inda zan ajiye sabon aikina, sai na goge filash ɗin gaba ɗaya na zuba nawa. Ko fayil ɗaya ban buɗe ba.

Zazzaɓi ya kama shi cikin damina. Kafin a samu motar da za ta yarda ta fito da shi asibiti, jiki ya riga ya yi nisa. Labarin rasuwarsa sai da ya kwana biyu kafin ya iso mana. A wajen zaman makoki matarsa ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na ji daɗin saƙon. Ta ce wata biyu ya yi a kansa, yana kai kwamfutar caji wajen mai sola. Ashe ya zauna ya koyi sabon tsarin nan da kansa daga darussan da ya sauke tun kafin a rufe layi, ya sake gina shafin yadda nake so, kuma a ƙarƙashin kowane yanki ya rubuta mini bayani da Hausa, har da tsokanar da ya saba yi mini. Ya kuma ɗauki muryarsa yana furta kowace gaɓa, don yaran da ba su iya karatu ba. Ta ce kullum yana cewa idan ƙanwarsa ta gani za ta huce. Na kasa gaya mata gaskiya, na ce na gani. Na tambaye ta ina kwamfutarsa, ta ce ruwa ya shige ta da rufin ɗakinsu ya yi yoyo. Na kai ta wajen masu gyara har uku tare da filash ɗin, babu abin da ya dawo.

Yanzu gina manhaja ce sana'ata, kuma shafin da na sake ginawa yana aiki, yara suna koyo da shi. Amma idan aiki ya cije mini, nakan ɗauki waya in nemo lambarsa kafin in tuna. Ba abin da nake kewa kamar in ji yadda ya furta baƙaƙen nan, ko in karanta layi ɗaya daga abin da ya rubuta mini.

'Yan'uwana masu neman ilimin zamani, sabon abu kullum zuwa yake, wanda na yi wa Yaya gori da shi ma yanzu an fara cewa ya tsufa. Kada ku wulaƙanta wanda ya fara nuna muku hanya don kun wuce shi da taku biyu. Idan ya aiko muku da saƙo, ku buɗe yau. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Yayana a addu'a.